Gidan Duban Taurari na Dunsink da Mas'alar Miƙidarin Motsi

Wanda ya fita daga tsakiyar birnin Dablin, babban birnin ƙasar Ailan, ya fuskanci arewa maso yamma, ya yi tafiyar kamar kilomita 8 har hayaniyar kasuwa ta yanke masa, zai iske wani ɗan tudu wanda tsawonsa bai kai a kira shi dutse ba, a bisa tudun kuwa akwai wani tsohon gida mai ƙubba, shi ne mutanen ƙasar ke ce wa Dunsink. Domin duban taurari aka gina shi, an kuwa duba su a cikinsa shekara da shekaru, gwargwadon abin da gizagizan ƙasar nan mai yawan ruwan sama suka bari. Amma abin da ya ɗaukaka sunan gidan a wurin ma'abota ilmi, da alƙalami da tawada aka same shi, a hannun wani malami guda wanda ya zauna a cikinsa shekara 38. Mas'alar da ya yi wa sabon bayani tsohuwa ce ƙwarai, kowane yaro mai jifan tsuntsu a gonar gero ya taɓa ta da hannunsa ko da bai san sunanta ba: mene ne abin nan da dutse yake tafe da shi bayan ya rabu da hannun wanda ya jefa shi?

Asalin gidan wasiyya ce. Francis Andrews, shugaban Kwalejin Trinity ta Dablin, da ajalinsa ya zo a 1774, ya bar fam 3,000 a gina wurin duban taurari, da fam 250 kowace shekara albashin malamin da zai riƙe shi, abin da mu za mu kira waƙafi saboda ilmi. Aka buɗe gidan a 1785, aka danƙa shi ga Henry Ussher, wanda ya aika Landan wurin Jesse Ramsden, gwanin maƙeran kayan awo na zamaninsa, a ƙera masa wata babbar da'ira ta awon matsayin taurari. Aikin ya ɗauki lokaci har Ussher ya rasu a 1790 bai sa ta a ido ba, shi ma Ramsden ya rasu a 1800 bai gama ta ba, sai a 1808 aka kafa ta a Dunsink, faɗinta ƙafa 8, a zamanin magajin Ussher, wato John Brinkley, wanda shi ne aka fara yi wa laƙabin Masanin Taurari na Sarki a ƙasar Ailan a 1792. Brinkley mutum ne mai haƙurin tsayuwar dare da naci wajen awo, ya kuwa riƙe gidan har aka naɗa shi bishop na Cloyne a 1826, kujerar ta nemi mai zama.

Wanda aka zaɓa a 1827 ɗalibi ne ɗan shekara 21 wanda bai ma karɓi shahadarsa ta farko ba. Sunansa William Rowan Hamilton, an haife shi a Dablin cikin watan Agusta na 1805, tun yana ɗan ƙarami aka kai shi riƙo garin Trim wurin baffansa James, limamin coci kuma malamin makaranta, wanda ya ɗora shi a kan Latin da Girkanci da Ibrananci, har ya ɗanɗana Larabci da Farisanci kafin ya balaga. Daga baya hisabi ya rinjayi zuciyarsa, ya shiga karanta littattafan malaman Faransa ba da malami ba, har ya gano wani kuskure a cikin babban littafin Laplace na motsin taurari, abin da ya sa Brinkley ya san da zamansa. Da ya tare a Dunsink sai ya zo da 'yan'uwansa mata, su da mataimakinsa Charles Thompson suka ɗauke masa mafi yawan nauyin tsayuwar dare, shi kuwa ya duƙufa a kan takardu.

Kafin a fahimci abin da ya yi, wajibi ne a bi silsilar mas'alar tun daga tushe, domin ilmi ba ya tsira rana ɗaya kamar naman kaza. Aristo ya tafi a kan cewa jiki ba ya motsin dole sai da mai tura shi, saboda haka dutsen da aka jefa iska ce ke ingiza shi. A ƙarni na 6 na Miladiyya wani malamin Iskandariyya, wanda littattafan Larabawa suka sani da Yahaya mai Nahawu, ya raunana wannan magana, ya ce majefi ne ke sanya wa dutsen wani ƙarfi a cikin jikinsa, ƙarfin kuwa yana ƙarewa da kansa sannu a hankali. Sa'an nan Shaihu Ibn Sina, wanda ya yi wafati a Hamadan a 1037, ya zo a cikin Kitabus Shifa ya kira wannan abu maili, ma'ana karkata, ya kuma ƙara wani sharaɗi mai nauyi, cewa mailin ba ya gushewa don kansa, sai dai wani abu daga waje kamar iska ya cinye shi, ta yadda da za a ƙaddara jifa a inda babu kome, da dutsen bai tsaya ba. A ƙarni na 14 Jean Buridan, malami a jami'ar Paris, ya kafa hujja da dutsen wasa wuƙa na maƙeri wanda ke ci gaba da juyawa bayan an sake shi, da jirgin ruwa wanda ke ci gaba da tafiya bayan masu ja sun daina, ya ce ƙarfin yana ƙaruwa gwargwadon yawan jikin abu da gwargwadon saurinsa.

Daga nan mas'alar ta koma hannun masu lissafi. Dekat, a littafinsa na 1644, ya ce girman jiki a ninka shi da saurinsa shi ne miƙidarin motsi, kuma jimlar wannan miƙidari a duniya ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Sai dai bai sa jihar da jiki ya nufa a cikin lissafi ba, saboda haka ƙa'idojinsa na karo suka saɓa wa abin da ido ke gani. Wallis da Wren da Huygens suka gyara wannan a 1668 da 1669, suka nuna cewa mai zuwa gabas da mai zuwa yamma lissafinsu kishiyar juna ne, sa'an nan Niyuton ya kafa ginin duka a littafinsa na 1687. Tun daga lokacin aka ɗauki miƙidarin motsi, wanda Turawa ke kira momentam, a matsayin kibiya: tsawonta nauyi ne a ninka da sauri, bakinta kuwa yana duban inda jiki ya dosa. A 1788 Lagrange ya mayar da ilmin motsi aljabara zalla, har ya yi alfahari da cewa babu zane ko ɗaya a littafinsa, a cikin hanyarsa kuma wani abu ya bayyana, cewa duk ma'aunin da ka zaɓa ka siffanta matsayin abu da shi, yana da nasa miƙidarin motsi da yake tafiya tare da shi. Ƙyauren ƙofa da kusurwa ake auna buɗewarsa, saboda haka miƙidarin da ya dace da shi na juyawa ne, ba irin na dutsen jifa ba. Kibiyar Niyuton ba ta wadatar da bayanin wannan ba, Hamilton kuwa, wanda ya girmama littafin Lagrange har ya kamanta shi da waƙa, shi ne ya gano siffar da ke ɓoye a bayan aljabarar.

Ta ƙofar ilmin haske ya shigo, fannin da Ibnul Haisam ya yi wa babban talifi a Misira tun ƙarni na 11. Duk wanda ya taɓa jefa tsakuwa a tafki da sassafe, ruwa yana kwance, ya ga yadda zobe ke fita bayan zobe, kowane yana faɗaɗa, ya kuma san cewa layin da aka ja daga inda tsakuwar ta faɗa zuwa gaɓa yana ratsa zobban nan a miƙe, ba ya karkata dama ko hagu. To, haske ma ana iya siffanta shi ta fuska biyu, ko dai da layukan da yake bi, ko da zobban da suke nuna wuraren da ya isa a lokaci guda. Fermat ya riga ya nuna a 1662 cewa haske yana bin hanyar da ta fi gajarta masa lokaci. Hamilton, a maƙalarsa da aka buga a 1828 da ƙarin da ya yi mata daga baya, ya tattara dukan hukunce-hukuncen madubi da gilashi a cikin ƙididdiga guda, wadda ke faɗin lokacin da haske zai ci daga wuri zuwa wuri, ya kuma lura cewa inda haske ke tafiya a hankali, kamar cikin ruwa ko gilashi, zobban suna matsuwa kusa da juna, saboda haka ya mayar da hankalinsa ga awon wannan matsi, ya kira shi jinkiri. A cikin wasu duwatsu masu ƙyalli kuwa layin haske ba ya ratsa zobbansa a miƙe, hanyar haske daban, fuskar zobba daban. Daga nan ya hukunta a 1832, da lissafi kawai, cewa akwai jihar da idan siririn haske ya shiga irin dutsen nan ta cikinta zai buɗe ya zama kamar mazurari, abin da ba wanda ya taɓa gani. Abokinsa Humphrey Lloyd ya gwada da dutsen aragonayit kafin shekarar ta fita, ya ga abin kamar yadda aka faɗa, sunan Hamilton ya cika Turai, aka ba shi sarautar Sir a 1835.

A 1834 ya ɗauki wannan ƙiyasi ya ɗora shi a kan motsin jikkuna, a maƙalar da ya aika wa Ƙungiyar Masana ta Sarki a Landan. Maupertuis da Euler sun riga sun ambaci wani awo tun 1744 wanda suka kira aiki, shi ne miƙidarin motsi a ninka da ɗan tazarar da aka ci, a yi ta tarawa tun daga mafari har matuƙa, kamar yadda kuɗin mota ke taruwa a kan matafiyi zango bayan zango. Hamilton ya ce, a ƙaddara an harba duwatsu masu yawa daga wuri guda, da ƙarfi iri ɗaya, zuwa kowace jiha, sa'an nan a haɗa da layi dukan wuraren da jimlar aikin ta kai adadi guda, a sake haɗa na adadi na gaba, haka har a cika sarari. Abin da zai fito ya yi kama da gonar da aka yi wa huɗa, kunya bayan kunya, kowane dutse kuwa yana gicciye kunyoyin a miƙe kamar manomin da ya yanke gona daga wannan gefe zuwa wancan. A nan ne ma'anar take: miƙidarin motsin dutse a kowane wuri shi ne yawan kunyoyin da ake tsallakewa a taki guda. Inda kunyoyi suka matsu miƙidarin yana da yawa, inda suka yi tazara yana da kaɗan, jiharsa kuwa ita ce jihar da kunyoyin suka fuskanta. Abin da Ibn Sina ya nema a cikin jikin dutse, Hamilton ya nuna cewa ana iya karanta shi a shimfiɗar filin da dutsen ke ratsawa.

Faɗin haka ya raba abubuwa biyu waɗanda aka daɗe ana ɗauka jinsi ɗaya ne. Sauri taki ne, yana faɗin nisan da aka ci da inda aka nufa. Miƙidarin motsi kuwa huɗa ce, ba ta tafiya ko'ina, aikinta ta ƙirga wa mai taki abin da ya tsallake. Hujjar bambancinsu tana bayyana idan aka sake ma'auni: wanda ya bar awo da taki ya koma awo da taƙi, adadin saurinsa zai hau, domin taƙi ya fi yawa a tazara guda, alhali adadin kunyoyin da ke cikin ma'auni guda zai sauka, sai dai jimlar abin da aka tsallake tana nan yadda take. Wannan ne sirrin abin da Lagrange ya tarar, cewa kowane ma'auni da nasa miƙidari, ko na tsawo ne ko na kusurwa. A cikin motsi mai sauƙi taki da huɗa suna fuskantar jiha guda, shi ya sa kibiyar Niyuton take isa. Amma ƙwayar da ke ɗauke da lantarki, idan ta shiga filin maganaɗisu, sai su rabu, kamar yadda suka rabu a cikin dutsen da Lloyd ya gwada.

A maƙala ta biyu, ta 1835, shekarar da tauraro mai wutsiya na Halley ya sake bayyana, Hamilton ya ɗaukaka miƙidarin motsi zuwa daraja ɗaya da matsayi, ya mai da su tagwaye, ya rubuta ƙa'idojin motsi a siffar da har yau ake kiranta da sunansa. Ƙwaya guda tana bukatar adadi 6 kafin a san halinta, 3 na inda take, 3 na miƙidarin motsinta, idan kuwa aka ɗauki waɗannan a matsayin wuri guda a cikin wani fili mai jiha 6, to hanya ɗaya tak ce ke bi ta kowane wuri, babu mararraba, babu hanyoyi biyu da ke gicciye juna. Jacobi na Königsberg ya karɓi wannan ilmi a 1837, ya sauƙaƙe shi, ya karantar da shi ga almajiransa, ta hannunsa ya bazu a jami'o'in Jamus.

Akwai wata fa'ida kuma da ya kawo gaban Majalisar Masana ta Ailan a Disamba 1846, wadda ta fi sauran saurin shiga zuciya. Duniyarmu tana kewaya rana a kan hanya mai siffar ƙwai, tana sauri idan ta kusanci rana, kamar kilomita 30.3 a daƙiƙa a farkon Janairu, tana lafawa idan ta yi nisa, kamar 29.3 a farkon Yuli. Hamilton ya ce a ɗebo kiban saurinta na kowace rana ta shekara, a haɗa gindinsu a wuri guda kamar tsintsiya, a duba abin da bakunansu za su zana. Da'ira ce cikakkiya. Haka yake ga kowane tauraro mai kewaya rana, har da na Halley, wanda hanyarsa doguwa ce siririya, yana gudun fiye da kilomita 50 a daƙiƙa kusa da rana, ba ya kai kilomita 1 a can ƙarshen nisansa. Magabata sun yi ƙarnuka suna neman da'ira a cikin tafiyar taurari har Kepler ya nuna cewa babu ita a can. Ashe tana nan a filin miƙidarin motsi.

Sauran rayuwarsa a Dunsink ta tafi ne a kan wani sabon hisabi mai adadi huɗu-huɗu, wanda ya faɗo masa a ran 16 ga Oktoba 1843 yana tafe da matarsa a bakin magudanar ruwa zuwa Dablin, har ya kasa haƙuri ya zana ƙa'idarsa a jikin dutsen gadar Broom. Ya rasu a cikin gidan ran 2 ga Satumba 1865, ɗakinsa cike da takardu. Bayansa gidan ya koma ga ainihin aikinsa: a 1868, zamanin Franz Brünnow, aka kafa sabuwar ƙubba da madubin hangen nesa mai gilashin inci 12, kyautar Sir James South, daga 1880 zuwa 1916 kuma agogon Dunsink ne ke tsayar wa ƙasar Ailan duka da lokacinta, wanda yake bayan na Girinic da minti 25 da daƙiƙa 21. Robert Ball ya riƙe kujerar daga 1874, Edmund Whittaker, mai shahararren littafi a kan ilmin motsi, ya riƙe ta daga 1906 zuwa 1912, amma daga 1921 ta zauna babu kowa, gidan ya shiga halin mantuwa.

A daidai wannan zamani ne irin da Hamilton ya shuka yake tsirowa a wasu ƙasashe. A 1918 Emmy Noether ta tabbatar a Göttingen cewa dalilin da ya sa miƙidarin motsi ba ya ɓata shi ne sarari iri ɗaya ne a ko'ina, babu wurin da ya fi wani. A 1924 Louis de Broglie ya ce kowace ƙwaya tana tafe da igiyar kaɗawa, tsawon igiyar kuwa yana raguwa gwargwadon ƙaruwar miƙidarin motsi, wato kunyoyin nan da aka zaci dabarar lissafi ce kurum suna da tazara ta haƙiƙa wadda ake iya aunawa. A 1926 Erwin Schrödinger ya gina sabon ilmin ƙwayar zarra a kan ƙiyasin Hamilton tsakanin haske da motsi, ya kuma ambace shi da suna. Da fitinar Nazi ta raba Schrödinger da ƙasarsa, Éamon de Valera, shugaban gwamnatin Ailan, wanda malamin lissafi ne tun kafin ya shiga siyasa kuma mai ƙaunar ayyukan Hamilton, ya kawo shi Dablin a 1939, ya kafa Cibiyar Zurfafa Ilmi a 1940, a 1947 kuma aka mayar da Dunsink ƙarƙashinta aka raya shi. Haka Allah ya ƙaddara, wanda ya fi kowa cin gajiyar karatun ya zo ya zauna shekara 17 a garin malamin da bai taɓa gani ba.

Tun 1990, kowace ranar 16 ga Oktoba, malamai da ɗalibai sukan taru a Dunsink su taka zuwa gadar Broom, inda de Valera ya buɗe allon tunawa a 1958, suna bin sawun tafiyar 1843. Hakkinsa ne a yi masa haka, amma a ganina abin da ya rubuta a ɗakinsa a 1834 da 1835 ya fi abin da ya zana a gada nisan tasiri, domin duk mai lissafin hanyar tauraron ɗan Adam da duk mai bahasin ƙwayar zarra a yau da harshen nan yake magana. Andrews ya bar dukiyarsa yana nufin a ƙirga taurari, sai waƙafinsa ya ciyar da wani saurayi, ya ba shi ɗaki da natsuwa da shekaru, ba a tsananta masa da tambayar taurari nawa ya auna ba. Wanda duk Allah ya hore wa hali, yake tunanin gina makaranta ko ɗaukar nauyin almajiri, ya dubi tudun nan na Dunsink, ya tuna cewa tsakanin wasiyyar da maƙalar 1834 shekara 60 ce cif, tsakanin maƙalar da Schrödinger kuwa shekara 92.